Tsiren da Kike Bina

Uwani, ɗiyata kuma uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki lafiya lau, kina numfashi sakayau kamar kowa. Allah Ya tsare ki a garin da ban taɓa takawa ba, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya tsare miki abin da za ki kai baki. Innarki tana gaishe ki. Ta ce in rubuta cewa ba ta kewarki. Na rubuta, ke kuma kin san ta.

Labarin gari ba zan ba ki ba, Matameye tana nan inda kika bar ta. Abu ɗaya ne ya kamata ki ji daga bakina kafin a ƙara masa gishiri a kawo miki: na fasa haƙori.

Ranar da kika tafi, na tsaya a tasha har na daina hango kayan da aka ɗaure a saman motarku. Sai na ce da kaina, Isuhu, kuka bai dace da furfura ba, nemi abin murna. Na bi ta kasuwa na sayi ƙuli-ƙuli wajen wata tsohuwa ƴar Tsauni, irin mai zoben nan da nake ci ina yaro. Na shigo gida da shi a fili, ba a aljihu ba, na ce da innarki:

"Mai dokar ta tafi. Yau gyada za ta shigo gidan nan da sallama."

Ta ce, "Ka fita da shi zaure."

Na ce, "A tsakar gidana zan ci, a kan tabarmata."

Na zauna na gyara riga, na yi bisimilla, na ɗora masa haƙori. Wani abu ya ce ƙas. Na ɗauka ƙulin ne. Da na tofo a hannu sai na ga ƙuli lafiyarsa ƙalau, haƙorina ne ya rabu biyu. Innarki ta leƙo ta duba, ko sannu ba ta yi mini ba, ta ce, "Ashe ta bar wakili."

Ki yi dariya, na yafe. Abin da ya biyo baya ne ban gaya wa kowa ba. Na tashi da jini a baki, na ɗauki sabulu na wanke hannu har gwiwa, na kurkure baki, na share ɓurɓushin, na kai tabarmar waje na kakkaɓe. Sai da na gama na tsaya da tsintsiya a hannu ina tambayar kaina wa nake tsarewa. Ɗakinki a rufe, takalmanki babu su a ƙofa. Innarki ta zo ta karɓi tsintsiyar. Ranar babu wanda ya ƙara yi wa wani ba'a a cikinmu.

Za ki ce me ya hana ni faɗa miki wannan a salula. In rezo ya kama, layi ya shiga, ina jin muryarki sai bakina ya cika da shirme, in tambaye ki ko yaran lakwal da kike koya wa karatu sun fara kiran ki Madam Ƙarama, kafin in kai ga magana an yanke. Shi ya sa na ari biro. Kin san a aji huɗu na bar lakwal, ni da mushe, malamin ajinmu, muka rabu kowa na godiya ga Allah. In kin ga kuskure ki zana masa jan biro kamar na ɗalibanki, amma ki karanta har ƙarshe.

Gwamnati ta tura ki koyarwa ƙauyen da ke bayan Gure, kuma ta zaɓi lokacin cirar gyada, kamar da gayya. Yanzu haka na san ko'ina kika juya gyada ce: a shanye a tsakar gida, a tukunya, a aljihun yara. Ke kuwa tun kina ƙarama jikinki da gyada ba sa ga maciji. Sai dai ke ba ki tuna farkon abin ba, ni ne na tuna, don ni ne farkonsa.

Lokacin an yaye ki ba da daɗewa ba. Inji ɗaya gare ni, shi ke niƙa shi ke markaɗe. Mai gero ta zo, mai barkono ta zo, masu ƙuli su zo da soyayyiyar gyada, duk maƙogwaro ɗaya suke bi. Tun kafin nan innarki ta taɓa ce mini kin lashi kunun gyada gefen bakinki ya yi ja, ta daina ba ki. Na ce mata zafin kunu ne. Wata ranar kasuwa masu ƙuli suka yini a kaina. Da la'asar innarki ta aiko da geron gida. Na sa tsumma na goge bakin injin, na leƙa ciki na ga babu komai, na zuba. Har da ƙarin wayo: guntun garin da ke maƙalewa a haƙoran inji, wanda mu masu niƙa muke ƙwanƙwasowa mu kira shi ribar inji, shi ma na juye a kwanonmu, ina jin na yi wa iyali abin kirki.

Aka dama miki kunu. Ba ki sha rabin moɗa ba leɓenki ya kumbura, idanunki suka shige, jikinki ya tashi da borin jini, kina ta susa kina kuka da wata murya da ban san ki da ita ba. Muka kai ki gidan likita. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya tambayi abin da kika ci. Na bugi ƙirji na ce kunun gero zalla.

Ya ce, "Wa ya niƙa geron?"

Na ce, "Ni da kaina, ai sana'ata ce."

Ya ce, "Me ka niƙa kafin shi?"

Uwani, ban taɓa jin tambaya mai nauyin wannan ba. Innarki ba ta dube ni ba, kuma da ta dube ni da ya fi mini sauƙi.

To ga abin da na koya da kuɗin fatarki. In an kawo miki abinci, tambayar "me aka sa a ciki" rabin tambaya ce. Ɗaya rabin shi ne, me ya riga shi wucewa ta nan? Ta injin, ta turmin, ta rariyar, ta muciyar. Abin da ke tayar miki da ciwo ba sai ido ya gan shi ba. Maiƙon gyada yana shiga tsagar itace ya yi zamansa, turmi ya riƙe shi, ludayin duma ya riƙe shi. Goge ba wanki ba ne, ɗauraya da ruwa zalla ma ba wanki ba ne, sai sabulu da dirza. Kuma in mai injin ƙauyenku ya rantse miki ya wanke, ki yi masa godiya ki koma da geronki. Tsumma ya goga. Na sani, ɗan'uwana ne a sana'a, rantsuwar ma iri ɗaya muke yi. Ki daka a turmin da muka ɗaura miki a saman mota, ko ki jira garin da zan riƙa aiko miki ta hannun direba. Daga ƙaramin injin zan niƙa, wanda na saya bayan wancan abin, wanda gyada ba ta taɓa leƙawa ba. Har yau matan unguwa injin Uwani suke ce masa. Jiya wata ta zo ta ce, "A zuba mini a na Uwani," sai na tsinci kaina ina gyaran bel ɗin da babu abin da ya same shi, don kada ta ga fuskata.

Na farko jahilci ne, Allah Ya yafe wa jahili. Na biyu kuwa da idona a buɗe na yi shi, kuma shi ne dalilin takardar nan.

Kina da kamar shekara bakwai aka yi suna a Yauri, gidan gwaggonki Laure, yayata da ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, wadda kika ci sunanta. Innarki ba ta da lafiya, ni na ɗauke ki muka je. Tun a ƙofa ta ja mini kunne, na ce mata ai ni ne na fi kowa sanin ciwon nan. Tukunya biyu aka ɗora a gidan sunan, miyar gyada ta baƙi da miyar kuka. Na shiga har madafa na gaishe da Yaya, na ce a zuba miki ta kuka.

Ta ce, "Kai Isuhu, yaushe ka zama nasara? A danginmu wa gyada ta taɓa kayarwa? Da ita na raine ka."

Na ce, "Yaya, likita ne ya hana."

Ta ce, "Likita ya haife ta? Tsirfa ce. A riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, jiki zai saba. Amma tunda ka ce kuka, ga kuka."

Ta zaro ludayi daga tukunyar gyada, ta karkaɗe shi a bakin tukunya, ta tsoma a miyar kuka ta zuba miki. Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Mata cike da madafa, yayata ce, a gidanta, ranar farin cikinta. Na ji in na ce a sake zubawa na tsinka ta a gaban surukanta. Na ce a raina ɗan abin da ya manne a ludayi me zai yi, ga miya tana tafasa, wuta ta kashe shi. Kika karɓi kwanon da hannu biyu, kika ɗago kika dube ni, don an koya miki kada ki ci sai kin tambaya. Na gyaɗa miki kai.

Hanyar Yauri zuwa Matameye na bi ta ba adadi, amma ranar ce na san tsawonta. Wani mai moto ya ɗauke mu a babur ɗin nasa, kina tsakanina da shi, rana tsaka, kanki a ƙirjina. Numfashinki yana fita da ƙara kamar ana busa ƙaramin bututu, can sai ƙarar ta fara raguwa, ni kuma ina roƙon Allah ta dawo, don ƙarar ce shaidata cewa kina nan. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Da muka isa majo ya yi miki allura a cinya, muka zauna muna kallon ƙirjinki. Da kika buɗe ido abin da kika fara cewa shi ne, "Baba, takalmina ɗaya ya faɗi."

Majo ya fitar da ni waje ya ce mini abu biyu. Wuta ba ta kashe wannan abin, don ba ƙwayar cuta ba ce, ko an tafasa ko an soya yana nan. Sannan ba a saba da shi ta hanyar ɗanɗane a gida, wani karon yana iya fin na baya muni, kuma ba ya aiko da sanarwa. Bai zage ni ba. Na so a ce ya zage ni.

Gwaggonki ta zo washegari da kaza a hannu tana kuka, ta ce me ya sa ban hana ta ba. Kin ji. Kunyar da na ji don in kare mata mutunci, ita kanta ba ta gode mini ba.

Uwani, na san halinki don nawa ne. Kin fi ni karatu, kin fi ni hankali, amma kunyar nan tawa kika ɗauko duka. Yanzu ke baƙuwa ce, kuma madam ce. Kwanuka za su yi ta zuwa ƙofarki: daga gidan maigari, daga matar diraktan lakwal, daga uwar yaron da kika yaba wa rubutu. Mutanen kirki ne, abin da suka fi so shi za su zuba miki, kuma a wannan lokacin abin da suka fi so gyada ce. Wata tsohuwa za ta zauna a gabanki ta ce sai ta ga kin kai loma. A nan nake jin tsoro, ba a hanya ba, ba a aji ba.

Kada ki jira kwano ya zo. Ki riga shi. Ki je gidan maigari ki gaida matansa, ki faɗa musu a gaban kowa, da bakinki, cewa gyada da manta da ƙulinta da duk abin da ya taɓa su suna toshe miki numfashi, an taɓa kai ki gidan likita ranga-ranga. Kada ki ce "ba na so", za su ce yanga ce. Kada ki ce "tana ɗan damuna", za su ce kaɗan ba ya komai. Ki ce tana iya kashe ki. Kalmar ba ta da daɗi, amma ita ake ji. Magana ɗaya a gidan maigari, kafin la'asar ta gama gari, kin huta.

In duk da haka kwano ya zo, ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki sa albarka, ki ba maƙwabta su ci, ki mayar da kwanon da ɗan sabulu ko sukari a ciki. Ba a raina kyautar wanda ya mayar da kwano da nauyi. In tsohuwa ta matsa, ki ɗora mini laifin. Ki ce ubanki wani rikitaccen mai inji ne a Matameye, ya sa kin yi masa alkawari ba za ki ci girkin kowa ba. Su zage ni, daga nan ba na ji.

Kada ki tsince ƙuli daga kan zogale ki ce kin ci gefen da bai taɓa ba, ya taɓa. Kada ki sa hannu a kwano ɗaya da wanda ya gama ɓarar gyada, ko da tuwo da kuka ne a ciki, sai ya wanke hannu da sabulu kin gani. Yaran ajinki za su kawo miki dafaffiyar gyada a leda don suna son ki, ki nuna musu inda za su ajiye, ki wanke hannu bayan kin karɓi kayensu, littattafan rubutun nan nasu. In kuma kin ga wani yaro yana susa, leɓe a kumbure bayan cin abinci, kada ki bari a ce masa tsirfa. Ke kin san sunan abin.

Tun yanzu, kina lafiya, ki san inda gidan likita mafi kusa yake, ki san wa ke da moto, ki san ƙofar gidansa. Maganin da majo ya rubuta miki ya zauna a jakar hannunki, ba a ƙasan akwati ba, ki nuna wa maƙwabciyarki inda yake da yadda ake yi da shi. In kika ji harshe na ƙaiƙayi, maƙogwaro na ɗaurewa, kada ki kwanta ki ce zai wuce, kada ki tsaya a jiƙa miki wani abu ko a nemo nono. Ki yi abin da majo ya koya miki, ki hau moto. In kun isa ya zama ba komai, an yi asarar esans, man moto ne kawai, ni zan biya.

Saura na uku. Shi wannan ba a kai kowa gidan likita ba, amma ya fi zama mini a rai.

Shekarar da kika ci jarrabawar brebe, na ce ki faɗi abin da kike so. Na zaci za ki ce atamfa ko salula. Kika ce, "Baba, tsire nake so in ci, ko sau ɗaya." Sai a lokacin na lura, duk ranar kasuwa muna bi ta gaban tukubar Iliya, ƙawayenki na saye suna ci, ke kina kallon wani wajen kamar an kira ki.

Na tafi wajen Iliya da kaina. Kin san abokina ne tun muna yara. Na ce ya yi mini tsire na musamman, ba ƙuli, ba yajinsa.

Ya ce, "Ba ƙuli, ba yaji? To me ya rage, naman majinyata?"

Na ce, "Kai dai yi abin da aka ce, ka rage surutu."

Ya ce, "Ka kawo geronka wajena in niƙa maka mana, tunda yau kowa ya iya sana'ar kowa."

Ya yi, bai barbaɗa komai ba sai gishiri. Na tsaya a kansa ina ta hura hanci, ni mai tsaro. Na kawo miki a takarda da zafinsa, na ajiye a gabanki kamar na kawo kujerar Makka. Kika buɗe, kika shaƙi ƙamshin, kika dubi man da ya jiƙa takardar. Kika ce:

"Baba, da wane mai ya shafa?"

Kika ƙara da cewa:

"A wane faranti ya ajiye? Wuƙar fa, ita ce ta sauran?"

Ita ce. Farantin ma shi ne, wanda ƙuli ya yi wa kwanciya tun safe. Man kuwa daga gwangwanin da yake shafa wa kowa. Ina tsaye aka yi duka, ina kallon yaji kawai, don shi kaɗai na sa wa ido. Kika naɗe takardar a hankali kika turo mini, kika yi murmushi kika ce, "Ka ci, Baba. Ni ƙamshin ya ishe ni." Kika tashi kika je kika wanke hannu.

Na fita zaure na cinye shi, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin haushin ma ya yi daɗi. Ranar na gane kin wuce ni, tambayar da majo ya yi mini kina jaririya ke ce yanzu kike yi mini ita. Na dawo na ce miki, "Uwani, ni da hannuna zan yi miki tsire, daga yanka har gashi." Kika ce to. Ba ki ƙara tuna mini ba, ni kuma kowace Sallah sai in ce sai ta gaba. Ba mantuwa ba ce. Hannuna nake tsoro. Sau biyu abin da ya kusa raba mu ta wajena ya biyo.

Don haka ba zan koya miki abin da kika fi ni sani ba, tuni kawai nake yi. Abincin bakin hanya, ko ƙosai ne ko awara ko soyayyen dankali, man da aka soya shi ba ki san tarihinsa ba. Man kasuwa na aune, mazurari ɗaya ake zuba kowane iri da shi, ki sayi na rufaffen bido, jarkar kanti, ki karanta abin da aka rubuta a jiki, ai don irin wannan ranar muka kai ki lakwal. Yajin da ba ke kika daka ba, ki ɗauka akwai ƙuli a ciki har sai an tabbatar miki babu.

Sai maganar aro. A ƙauye ba a hana aron ludayi, wadda ta hana ta yi suna. In kin duba kwandon kayanki za ki ga innarki ta sa miki komai biyu-biyu, muciya biyu, ludayi biyu, rariya biyu. Masu jan zare a wuya naki ne, ba sa fita ɗakinki. Marasa zare na aro ne, su yi yawonsu gida-gida, in sun dawo kada su kwana wuri ɗaya da naki. Turmi ne ba mu iya ninkawa ba, mota ta ƙi. Shi ki kife shi a ɗaki ki ɗora masa akwati, in an tambaya ki ce teburin madam ne.

In kuma wani mushe ya fara zuwa gaishe ki da yawa, ban hana ba, ni ma ta gaisuwa na samo innarki. Amma ki gaya masa tun wuri gidanki ba gidan gyada ba ne. Ki lura da shi. In ya ci ƙuli ya wanke hannu da baki ba sai an ce masa ba, ki turo mini sunan ubansa. In ya ce kaɗan ba ya komai, ki nuna masa hanya, irinsa na sani, na taɓa zama shi.

Gidan nan yanzu an ɗage doka, amma babu wanda ya karya ta sai ni, kuma kin ji yadda muka ƙare. Innarki har yau miyar kuka da kuɓewa take yi. Na ce mata ta yi mana ta gyada ko sau ɗaya, ta ce tukwanenta ba su saba ba, kuma in kin zo hutu ba ta son ta tsaya tunanin wacce ce ta taɓa. Sauran ƙulin na ba mai gadin tasha, na gaya masa ya jiƙa tukuna. Da yamma in na rufe inji na shigo, har yanzu a bakin randa nake tsayawa in wanke hannu kafin in ɗaga labule, sai in tuna babu mai cewa "Baba, ka wanke da sabulu?" In wanke da sabulun duk da haka.

Yanzu ki saurara. Na sayi sabuwar wuƙa, tana naɗe a ƙyalle, ko albasa ba ta yanka ba. Na sa maƙeri ya yi mini ragar gashi sabuwa. Tsinkayen ni na fere su. Akwai ɗan bunsuru a bayan ɗaki da nake ba dusar injinki, yana ta ƙiba bai san dalili ba. Abin da ya rage yaji ne. A madadin ƙuli ina soya gero sama-sama in niƙa a injinki, in haɗa da citta da barkono da kanumfari da masoro. Na farko innarki ta ɗanɗana ta ce yashi ne mai yaji. Na biyu ta ce a ba kaji. Na shekaranjiya ta tauna, can ta ce, "Ƙara gishiri." A wajen innarki wannan lambar yabo ce. Iliya ya ji labari ya zo ya ce zai taya ni gashi, na ce ya tsaya daga zaure, hannuwansa a baya.

Ni ba zan iya ci ba, ɓangaren da nake tauna nama da shi ne ya tafi. Ya yi daidai, na riga na ci rabona tun ranar brebe.

Allah Ya tsare ki, Uwani, zaune da tafe. Ya sa mutanen garin su ji maganarki, Ya ba ki bakin cewa a'a ba tare da kin ɓata wa kowa ba, in kuma sai an ɓata, Ya ba ki ƙarfin ɓatawa. Ya sa albarka a allonki da yaranki. Innarki ta ce ki riƙa rufe garinki, ta ce kuma in goge inda na rubuta ba ta kewarki, na ce biro ba ya gogewa. Gwaggonki Laure tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ko ita ta ba ki abu kada ki ci sai kin tambaya.

Kina bina tsire, shekaru sun yi nisa, kuma ba wanda zai karɓa a madadinki. Ki kula mini da numfashin nan har hutu, ki sauka a tasha da ƙafafunki, ki zo ki zauna a tabarma ki yi mini tambayoyinki duka: wane mai, wane faranti, wace wuƙa. Wannan karon ina da amsa.

Wassalam.

Babanki,
Isuhu mai inji